Kwandon Biki: Ado a Waje, Fumfuna a Ciki

Duk wanda ya halarci bukukuwan da aka yi a nan Sabo tun bayan Babbar Sallah ya ga sabon yayi. Maimakon bokiti da robar wanke hannu da kalanda mai hoton ango da amarya, waɗanda muka koya wurin maƙwabtanmu Yarbawa, yanzu ɗan kwando ake miƙa wa baƙo, cike da kayan da aka yi a gida. Wannan kam mun yaba. Roba ta yi mana yawa a ɗaki, kayan gara kuwa namu ne tun kaka da kakanni. Bayarben da ya zo mana ɗaurin aure daga Mokola ya koma gida da alkaki, ai ya tafi da abin da zai daɗe yana labarinsa.

Amma fa yadda ake haɗa kwandon akwai gyara.

Na farko, mun manta inda muke zaune. Badun ba Kano ba ce. A nan ruwa kan sauka tun wajen watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta wuce, iskar ma kullum a jiƙe take. Cincin da dubulan in aka zuba su a leda da ɗuminsu aka ƙulle, gumi ne zai sauka a ciki, kafin kwana biyu sun yi laushi. Dambun naman da bai soyu ya bushe ƙarau ba, fumfuna zai yi. Wasu ma har kunun aya da tuwon madara suke cusawa a kwando ɗaya da kilishi. Haba jama'a! Kunun aya da ba ya kwana sai a firij, ga wutar lantarkin da muka sani? Baƙo ya kai wa yaransa, cikinsu ya ɓaci, sunan gidan biki ne ya ɓaci.

Na biyu, kuɗin yana tafiya wurin ado. Leda mai ƙyalli, zare mai launi, takarda mai sunan amarya, amma ka buɗe ka tarar da nakiyar da ba ta ji man shanu ba, babu citta, babu kanumfari, sai gari da sukari. Iyayenmu sun zaɓi nakiya da alkaki ne don suna jure ajiya: nakiyar da ta daku da kyau takan yi watanni, alkakin da ya sha zuma ba ya saurin lalacewa. In aka rage kayan haɗi aka soya da tsohon mai, sunan kawai ya rage.

Na uku shi ya fi ciwo. Ana yin kwando kashi uku: na manyan baƙi, na dangi, sai ƙullin leda na sauran mutane. A gaban idon kowa ake rabon. Matar da ta kwana biyu tana taya ku suya ita ce za ta tashi da ƙulli, wadda ta zo a mota ta yi minti goma ta tafi da babban kwando. Wallahi da irin wannan rabo gara a bari, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Balle a ce kuɗin adashi aka kwashe, ko bashi aka ci, don kada a ce 'yar wance ta fi.

Shawararmu ga iyayen biki mai sauƙi ce. Ku zaɓi abu biyu ko uku busassu, ku yi su da kyau. Ku bar su su huce sarai kafin ƙulli. Abin sha a sha shi a wurin taro. Kwando kuma ya zama iri ɗaya ga kowa, daidai ruwa daidai tsaki.

Allah Ya ba amarenmu zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da muke ciyar da baƙinmu.