Tsohuwar Jita Mai Rabin Kogo: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Ɓarna Ta Fara?

A shekarar 1958 kamfanin Gibson, wanda a lokacin yake garin Kalamazoo a jihar Mishigan ta Amurka, ya fito da wata jita mai lantarki da ya sa wa suna ES-335, yana sayar da ita dala 267 da santi 50. An ƙera ta ne don magance wani ciwon kai da ya daɗe yana damun makaɗa. Jitocin jaz na wancan zamani manyan kogo ne, cikinsu fayau, sautinsu da ɗumi da zaƙi. Amma da zarar an ƙara wa amfilifaya ƙarfi, sai ƙarar lasifika ta shiga kogon ta girgiza katakon, jitar ta kama kuwwa mai tsaga kunne ba tare da an taɓa ta ba. Jitocin da ba su da kogo, irin Telecaster ta Fender da Les Paul ta Gibson, ba sa wannan kuwwar, sai dai wasunsu na da nauyi a kafaɗa, kuma makaɗa da yawa na ganin ba su da wancan numfashi na katako.

Ted McCarty, shugaban Gibson a lokacin, shi da ma'aikatansa suka haɗa biyun. Suka yi siririyar gangar jiki mai faɗin inci 16, kaurinta bai kai inci biyu ba, da katakon mafal da aka liƙa falle kan falle. A tsakiya suka shimfiɗa gungumen katako tun daga gindin wuya har ƙasa, gefe da gefe kuma suka bar kogo, kowane da tsaga mai siffar harafin f. Gungumen ne ke riƙe gadar tsirkiya da maɗaukan sauti, shi ke hana kuwwa, ya kuma sa sauti ya daɗe bai mutu ba. Wuyan na mahogani ne, ɗan'uwan maɗacin da muka sani. Dabarar ma ba daga sama ta faɗo ba. Tun wajen 1940 makaɗi Les Paul ya ɗauki guntun katako mai kusurwa huɗu ya ɗaura masa tsirkiya, ya tsaga wata jitar Epiphone biyu ya manna masa a gefuna don ya yi kama da jita. Ashe kakar wannan iyali gaba ɗaya daga hannun mai kwaskwarima ta fito.

Wannan tarihin nake so a riƙe a zuciya idan aka zo muhawarar da ta raba masu waɗannan jitoci gida biyu. Ɓangare ɗaya masu tarawa ne da dillalai, waɗanda a wurinsu darajar tsohuwar jita ita ce a same ta yadda ta bar masana'anta: fentinta, sukurorinta, har ɗigon dalmar da aka liƙa wayoyinta da shi. Ɗaya ɓangaren makaɗa ne, masu cewa an yi jita don a kaɗa, abin da duk ya hana ta kaɗuwa a cire shi. Ina tare da makaɗa a yawancin maganar, amma ba a dukkanta ba.

Kafin a yanke hukunci sai an san abin da ke tura mutane ga sauye-sauyen, kuma Gibson da kansa ne ya jawo rabinsa. Ƙirar 1958 zuwa 1962, mai ɗigo-ɗigo a kan wuya, ita ce ake rububi. Masu launin katako tsantsa na 1958 zuwa 1960 kuwa ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba a duniya. A 1962 aka maye ɗigon da 'yan murabba'ai. A 1965 aka yi sauyin da har yau ake ƙorafi a kansa: aka rage faɗin wuya a wajen kai, har masu manyan yatsu suka rasa wurin sakewa, aka kuma cire ƙarfen da ke ɗaure ƙarshen tsirkiya kai tsaye cikin gungumen tsakiya, aka sa wani mai lilo da ke rataye daga gindin jitar. Daga 1969 kamfanin ya koma hannun Norlin, aka ci gaba da sauya abubuwa, har sai farkon shekarun 1980 da aka dawo da tsohuwar ƙirar mai ɗigo. Don haka wanda ya sayi ta 1967 ko 1972 yakan ji yana riƙe da jita mai kyau da aka ɗaure wa hannu ɗaya, sai ya nemi kwance ta.

Abin da makaɗi Larry Carlton ya yi ke nan. Jitarsa ta ƙarshen shekarun 1960 ce, ta zamanin da masu tarawa ke yi wa kallon na biyu. Ya sa aka cire ƙarfe mai lilon, aka huda fuskarta aka dasa irin na da. Da ita ya yi kiɗan da ke cikin waƙar Kid Charlemagne ta ƙungiyar Steely Dan a 1976, har mutane suka laƙaba masa sunan jitar. Alvin Lee na ƙungiyar Ten Years After, wanda ya girgiza taron Woodstock a 1969 da jar ES-335, ya wuce nan nesa. Ya cire murafan maɗaukan sauti, ya sa aka fafe tsakiya aka cusa maɗaukin Fender, ya lulluɓe ta da sitika, da wuyan ya karye kuma aka sa wani. B.B. King ya daɗe yana cusa tsummoki cikin tsagar jitarsa saboda gungumen bai kashe kuwwar yadda yake so ba, har Gibson ya yi masa jita mai suna Lucille marar tsaga a farkon shekarun 1980. John Lennon kuwa a 1968 ya sa aka kankare fentin Epiphone Casino ɗinsa tas, ko da yake ita Casino kogo ce gaba ɗaya, babu gungume a cikinta, kuma mutane da yawa na rikita ta da masu rabin kogo saboda kamar da suke yi.

A watan Yunin 2004 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da jar ES-335 ta Eric Clapton, ƙirar 1964, wadda ya kaɗa a taron bankwana na ƙungiyar Cream a Landan a 1968, kan dala 847,500. An canza mata kunnuwan ɗaure tsirkiya zuwa na Grover, akwai kuma sitika manne a bayan kanta. Da a hannun wani makaɗin da ba a sani ba take, waɗannan abubuwa biyu ne dillali zai fara nunawa don ya karya farashi. Wannan ya nuna mini cewa tsarkin da kasuwa ke wa'azinsa ba ƙa'idar kiɗa ba ce, ƙa'idar ciniki ce, kuma tana lanƙwasawa idan suna ya yi nauyi.

To amma kada a ɗauka kowane gyara daidai yake da kowane. Akwai abin da tsufa ke ci ko an so ko ba a so. Ƙarafan da ke gicciye a kan wuya suna cinyewa, tsirkiya ta yi musu kwari, sauti ya fara zizar da ba ta da daɗi. Robar kunnuwan Kluson na ƙarshen shekarun 1950 takan tsuke ta yi duhu ta farfashe a hannu kamar busasshen ƙuli. Maɓallan ƙara da rage sauti su cika da datti su kama ƙarar tsartsatsi. Kan jitar Gibson kuwa sananne ne wajen karyewa, domin an karkata shi baya kuma an fafe wurin don noti mai daidaita wuya, faɗuwa ɗaya daga jingine ta isa. Wanda ya ƙi gyara waɗannan don tsoron faɗuwar daraja, ya mayar da jitarsa kayan ado ke nan. Mai garaya idan fatarta ta yage sai ya sa wata, ba wanda zai ce ta daina zama garayar ubansa. Ban ga dalilin da zai sa jita ta bambanta ba.

Sai dai aikin cikin wannan jita ba wasa ba ne, kuma a nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Les Paul tana da murfi a baya, a kwance sukurori a ga wayoyi a fili. ES-335 ba ta da ƙofa ko ɗaya. Maɓalli huɗu, da makunnin zaɓen maɗauki, da ramin da ake soka wayar amfilifaya, duk ta cikin tsagar nan ko ta ramin maɗaukin sauti ake shigar da su. Mai gyara yakan liƙa komai a waje tukuna, a kan kwali da ya huda daidai da ramukan jitar. Sannan ya zura zare ko siririn tiyon roba ta kowane rami, ya zaro shi ta tsagar, ya ɗaura a kan sandar maɓallin, ya tura kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana jan zaren a hankali har kowane ya leƙo ta raminsa. Ya rufe bakin tsagar da tef mai laushi don kada ƙarfe ya karce fenti. Idan waya ɗaya ta tsinke a hanya, sai a fito da komai a sake daga farko. Na fi girmama mai wannan haƙurin fiye da mai tara jitoci goma a ɗaki.

Rashin wannan haƙuri ne ya jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa. An samu waɗanda suka gaji da zare suka fafe ƙofa a bayan jitar. A shekarun 1970, lokacin da waɗannan jitoci ba komai ba ne illa kayan gwanjo masu araha, yayin maɗaukai masu ƙarfi irin na DiMarzio ya zo, aka yi ta huda fuskokinsu ana dasa ƙananan makunnai, ana faɗaɗa ramuka, ana fesa sabon fenti mai kauri a kan siririn fenti na asali. Ba na zagin mutanen wancan lokaci, ba su san abin da ke hannunsu zai zama ba. Amma wanda ya yi haka yau ba shi da wannan uzurin. Katakon da aka fafe ba ya tsirowa. Fentin da ya yi shekara sittin yana tsattsagewa a hankali, idan aka kankare shi ya tafi ke nan, kuma a al'adar kasuwar sabon fenti kaɗai kan zubar da kusan rabin kuɗin jitar. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata ɓarnar da ba makaɗa ke yin ta ba, masu ikirarin kare tarihi ne. Maɗaukin sauti mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙera wa Gibson, wanda ke kashe gunjin lantarki, ya fara fitowa a 1957 da ɗan tambari a ƙasansa, ana kiransa PAF. Irinsa ne a cikin Les Paul na 1958 zuwa 1960, jitocin da suka fi kusan kowace tsada. Saboda haka guda biyu na asali kan kai dubban daloli su kaɗai. Sai dillali ya sayi tsohuwar jita mai kogo ko rabin kogo, ya zare mata maɗaukan ya sayar daban, ya cusa sababbi da aka tsufar da gangan, ya manna tambarin jabu, ya sayar da ita a matsayin wadda ba a taɓa ba. Shi ya sa masu saye suka koyi karanta lambobin da ke jikin maɓallai, waɗanda ke nuna kamfani da shekara da makon da aka yi su, suna haska fenti da fitila ta musamman, suna duban dalma ko an taɓa narkar da ita. Tsadar asali ce ta haifi wannan ha'incin. Makaɗin da ya canza kunnuwa don jitarsa ta daina saki a kan dandali ya fi wannan dillali amana nesa ba kusa ba.

Ga wanda tsohuwar jita irin wannan ta faɗo hannunsa a ƙasashenmu, ko ta gado ko cikin kayan gwanjon da ke shigowa, babban abokin gabarta yanayi ne. Masu ƙera jita na son damshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yakan sauke shi ƙasa da kashi 20. Gangar jikin tana da juriya saboda falle-falle ce, amma allon wuya yakan tsuke, bakin ƙarafa ya fito ya riƙa yankar hannu, robar gefe ta tsage. A ajiye ta cikin akwatinta da ɗan soso mai laima a cikin gwangwani mai huji, kada a bar ta a mota da rana, domin zafi na sassauta gam. Mai niyyar ƙetare iyaka da ita kuma ya sani cewa allon wuyan tsofaffin na itacen rozwud na Barazil ne, wanda yarjejeniyar CITES ta sa a sahun farko na haramci tun 1992, sai da takarda ake fita da shi.

Ba kuma dole ba ne a yi gwaji a kan tsohuwar Gibson. Guild ya yi Starfire, Epiphone ya yi Sheraton da Riviera, kamfanonin Japan irin su Yamaha da Ibanez sun yi masu rabin kogo na ƙwarai tun ƙarshen shekarun 1970. John Scofield ya shafe shekaru da dama yana kaɗa Ibanez AS200 a manyan dandalin jaz na duniya. Mai ƙaiƙayin hannu ya sami sabuwa mai araha ya huda yadda ransa ke so, zai koyi sana'a, ba wanda ya yi asara.

Matsayina a kan tsohuwar shi ne a kaɗa ta, domin tsohuwar zuma da ita ake magani, ba a rufe ta a gilashi. Abin da ya cinye a canza shi, abin da ya karye a ɗora shi wurin gwani. Duk sauyin da za a iya warwarewa da sukurdireba, mai ita na da ikon yinsa, muddin ya zaɓi kayan da suka dace da ramukan da ke akwai, ya kuma adana tsofaffin a leda cikin akwatin. Wanda ke buƙatar sabon rami ko kankare fenti, a bar shi. Ranar da za ka sayar kuma, ɗan'uwa, ka rubuta duk abin da aka taɓa, ka miƙa wa mai saye tare da ledar.