Daga Ɗankama Zuwa Ɗan Ibro: Juyin Waƙa a Matsayin Salon Barkwanci

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar Hausa sun daɗe suna karkasa ta bisa jigoginta, kamar wa'azi da yabo da siyasa da soyayya. A wannan rabo, waƙar raha ba ta cika samun gurbin kanta ba, duk da cewa manyan marubuta sun taɓa ta, kamar Aliyu Namangi a Waƙar Keke. Lamarin ya fi tsananta ga waƙar da ɗan wasa ke yi a dandali, domin akan ɗauke ta a matsayin shirme. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da jaridar Aminiya da ake bugawa a Abuja, sun adana labaran 'yan wasa masu yawa, amma feɗe waƙoƙinsu aiki ne da ya rataya a wuyan masana. Wannan maƙala za ta dubi salon juyin waƙa a ayyukan Rabilu Musa Ɗan Ibro (1971-2014), ta nuna tushensa da ƙarfinsa da kuma rauninsa.

2.0 Ma'anar Juyin Waƙa da Tushensa

Abin da ake nufi da juyin waƙa a nan shi ne a ɗauki waƙar da jama'a suka riga suka sani, a bar karin muryarta da tsawon ɗangoginta da amshinta, sannan a sauya kalmomi da jigo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun a 1967 Gidley ya yi bayanin 'yankamanci, inda ɗankama kan ari muryar malami mai karatu ko ta wani makaɗi, ya cika ta da zancen tuwo da miya.

Sai dai a lura, juyi shi kaɗai ba ya haifar da dariya. Masu waƙoƙin bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka mayar da su begen Annabi (SAW), kuma babu mai dariya, domin sun ɗaga jigon ne zuwa sama. Ɗankama kuwa saukar da shi yake yi, daga lahira zuwa akushi. Ashe ke nan barkwancin yana cikin tazarar da ke tsakanin martabar muryar da aka ara da ƙanƙantar abin da aka ɗora mata.

3.0 Juyi a Hannun Ɗan Ibro

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama a Kano da Turmin Danya a 1990. Zuwa lokacin da Sangaya ya fito, rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa sun zama ginshiƙin kasuwar. Wannan waƙar soyayya tana da kalmominta da kowa ya haddace: zuciya da hawaye da fure da alkawarin mutuwa tare. Masoyan cikinta ba sa jin yunwa, ba a kuma bin su bashi.

A nan ne Ɗan Ibro ya sami abin juyawa. Shi da abokan wasansa na finafinan camama sukan tsayar da talaka, mai kwaɗayi da tsoro da wayon banza, a inda aka saba ganin kyakkyawan saurayi. Murya ta masoya ce, amma buƙata ta ciki ce da aljihu. A Ibro Ɗan Indiya ya kwaikwayi rawa da waƙar Indiyawa, a Ibro Awilo kuma ya ari siffar mawaƙin Kwango, Awilo Longomba. Mai kallo yana dariya ne saboda ya san asalin, yana kuma jin yadda aka karkatar da shi.

Ta wannan fuska, juyin Ɗan Ibro tarke ne da aka yi cikin waƙa. Malamai da marubuta sun soki finafinan Hausa da kwaikwayon Indiya ta hanyar wa'azi da rubutu. Shi kuwa daga cikin sana'ar ya yi nasa sukan, ta hanyar kambama abin har kowa ya ga rashin dacewarsa da rayuwar mai sayen kaset ɗin. Cewa wannan raha tana da kaifi ya tabbata a 2008, lokacin da kotun tafi-da-gidanka a Kano ta yanke masa ɗaurin wata 2 dangane da fim ɗin Ibro Aloko, wanda jama'a da dama suka ɗauki waƙar cikinsa a matsayin habaici ga mahukunta.

4.0 Raunin Salon

Rauni na farko shi ne dogaro. Waƙar juyi kamar kauci take, ba ta rayuwa sai a jikin wata bishiya. Da zarar an manta da waƙar asali, rabin dariyar ya tafi. Waƙar Keke tana tsaye da ƙafarta har yau, amma yaron da bai san tashen Awilo ba zai ga tsalle-tsalle ne kawai.

Na biyu, yawan fitar da finafinai ya jawo maimaici, har dabarar ta zama abin da mai kallo ke iya hasashe.

Na uku ya fi shafar masana harshe. Camama ta dogara ƙwarai da kwaikwayon Hausar wasu ƙabilu, kamar yadda ake gani a rawar Ɗan Gwari, inda ake rikita jinsi, a kuma mayar da ƙ da ɗ da ɓ zuwa k da d da b. Wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zagezagi, kowane ɓangare yana da damar ramawa. A fim kuwa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara. Bagwarin Abuja da ke jin Hausa sarai yana cikin masu kallo, kuma bai zama dole abin ya ba shi dariya ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa juyin waƙa tsohon salo ne da ya taso daga dandalin ɗankama ya shiga bidiyo, kuma Ɗan Ibro ya yi amfani da shi wajen auna waƙar soyayya da ma'aunin rayuwar talaka. Tun da ma'anar irin wannan waƙa tana rataye da asalinta, wajibi ne sassan koyar da Hausa su rubuta kowace tare da wadda aka juya, ɗango da ɗango, tun masu iya gane asalin suna raye. Idan aka yi jinkiri, kalmomin za su saura, amma dalilin dariyar zai ɓace.