Jinjina ga Masu Duba Lafiyar Jirgi

Mazauna Dogarawa sun saba da ƙugin ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Matuƙa ake yawan yabo, amma ni injiniyoyin da take yayewa nake jinjina wa. Lokacin sauka jirgi ya rage gudu, ƙasa ta matso. In faifan fiffike ya cije ko man haidirolik ya tsiyaye, sai matuƙi ya shiga kokawa. Don hana haka, injiniyoyin ne ke kwana da tocila a ƙarƙashin fiffike, suna shafa bututu da yatsa don neman ɗigon mai, sannan su sa hannu a takarda. Fasinja bai ma san sunansu ba. Allah Ya saka musu da alheri.