Aron Waƙa da Aron Hannu

A shekarar 1977, samarin Turawan Landan masu sabon kiɗan nan na punk suna zuwa wani gidan rawa da ake kira Roxy. Faya-fayan punk ba su da yawa a lokacin, don haka mai sa musu kiɗa, Don Letts, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, yakan cike gurbin da rege. Nan aka soma cuɗanya. Amma aro iri biyu ne aka yi, kuma ɗaya ya fi ɗaya albarka.

Na fari shi ne aron waƙa. Junior Murvin ya rera "Police and Thieves" a 1976, a Black Ark, ɗakin ɗaukar murya na Lee Perry a Kingston. Da siririyar murya ya yi ta, kamar mai makoki. Ƙungiyar The Clash ta maimaita ta a faifanta na farko a 1977. Niyyarsu mai kyau ce, gama biyu daga cikinsu sun ga faɗan 'yan sanda da matasa baƙar fata a bikin Notting Hill na 1976 da idonsu. Sai dai ƙarar jita ta danne makokin, ya koma ihu. Kama da wane ba wane ba ne. Ko da Perry da kansa ya haɗa musu "Complete Control" a shekarar, da ƙyar kunne yake tsinkayar hannunsa.

Na biyu shi ne aron hannu, watau a bar wa gwanin rege teburin haɗa sauti. Haka 'yan matan The Slits suka yi da Dennis Bovell a faifansu Cut na 1979. Bovell ya tura jita mai kaurin murya da ganga gaba, ya ja sauran baya, ya bar sarari da amsa-kuwwa, har ƙarar cokali da kwalin ashana ya saka a ciki. Muryar 'yan matan ce ta fito, ta kuma fito sarai.

Abin da rege ya koya wa punk ke nan: shiru ma kiɗa ne. Wanda ya ɗauki waƙar maƙwabcinsa ya tafi da ita gida, ya sami ado. Wanda ya zauna ya bar maƙwabcin ya koya masa, shi ne ya sami sana'a.