Wa Ya Ce Gonar Na Jira?

Akwai wani irin labari da marubutan Hausa suka daɗe suna ƙauna. Saurayi ya raina fartanya, ya ɗaure kayansa ya nufi birni, birni ya wana shi, ya haɗu da miyagun abokai, ƙila har ya ɗanɗana gidan yari, daga bisani hankali ya dawo masa ya gane ƙauye ya fi. Littafin da aka fi tunawa da wannan saƙo shi ne Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a ƙarshen shekarun 1970. Sunan kaɗai ya gama bayani: birni fari ne tas a ido, in ka kai baki ka ji rogo. Mun karanta shi muna yara, mun ji daɗinsa, har yau muna ganin girmansa. Daga baya wasannin rediyo da finafinai sun yi ta jan wannan zare har ya kusa tsinkewa.

Abin da ke damunmu da wannan gini shi ne wani zato da ke kwance a ƙarƙashinsa, wanda ba a taɓa faɗinsa don an ɗauka bai buƙatar faɗi: cewa gonar tana nan. Duk shekarun da yaro ya yi yana watangaririya a tasha, gonar ubansa na zaune tana jiransa, iyakarta da gamba, ɗorawarta a tsakiya. A irin waɗannan labarai gona magani ce da marubuci ke ajiye wa mai tuba. Ba ta da takarda, ba ta da farashi, babu wanda ke haƙonta.

To amma a daidai lokacin da ake rubuta wannan nasiha, gonar tana sauya hannu. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta damƙa duk ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ga Arewa abin ba baƙo ba ne ƙwarai, domin Turawa sun shimfiɗa irin wannan tsari tun 1910, dokar 1962 kuma ta ɗora a kai. Sai dai ta 1978 ta zo da haƙora. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum a kan fili saboda maslahar jama'a. Sashe na 29 ya ce diyyar da za a biya ta abin da ke bisa ƙasar ce, wato gini da shuka da makamantansu. Ita ƙasar kanta ba ta manomi ba ce balle a saya a wurinsa. Sashe na 47 kuma ya hana kotu bincikar ko diyyar ta isa ko ba ta isa ba. Mutumin da kakansa ya sare dajin, idan aka zo da rani bayan ya kwashe dawa, ana iya lissafa masa itatuwa uku da rumbu ɗaya a ce an sallame shi.

Ba a jima ba aka ga abin da wannan ke haifarwa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a tsohuwar jihar Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa a kan gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Manufar ita ce noman rani na zamani, musamman alkama don masana'antun fulawa, yadda Gunilla Andrae da Björn Beckman suka feɗe a littafinsu The Wheat Trap na 1985. Ruwa ya cinye garuruwa da fadamu, aka tashi dubban mutane. Waɗanda ke ƙasan madatsar kuma aka hana su shuka, damina ta wuce, wata ta wuce, katafila na baje gonakinsu. Da aka zo mayarwa, iyakoki sun ɓace, ƙasar sama mai albarka an kankare ta, diyya kuwa sai gobe sai jibi. Manoma suka tare hanyoyi, suka tsayar da aikin kamfani cak. A ƙarshen Afrilu 1980, lokacin Shehu Kangiwa na gwamna, Shehu Shagari na shugaban ƙasa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu. Hukuma ta ba da adadin mamatan da bai kai 30 ba. Adadin da masu bincike da 'yan adawa suka riƙa ambata shi ne 386. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ke shelar juyin juya halin noma, ana kiran matasa su koma gona.

Duk abin da ƙagaggen labari ke nema yana cikin wannan: dattijon da ya je neman gonarsa ya kasa gane ta don an tuge itacen da yake shaida da shi, dagacin da ke tsakanin talakawansa da masu ba shi albashi, ɗan sandan da ƙila shi ma ɗan manomi ne. Duk da haka, mai son sanin Bakolori a yau, takardun jami'a da aka rubuta da Turanci zai nufa, irin na Beckman da W. M. Adams da tarin da Yusufu Bala Usman ya shirya kan danniyar siyasa a Nijeriya. Cikin littattafan Hausa da ake karantarwa a makarantu da waɗanda ake yayi a kasuwa, manomin da ya ce a'a bai samu kujera ba.

Ba za mu ce marubuta sun kau da kai daga zalunci ba. Littattafan farkon shekarun 1980, irin Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, sun shiga siyasa da cin hanci da danniyar masu iko gaba-gaɗi. Matsalar ita ce adabinmu ya saba da azzalumi mai fuska: attajiri mai tumbi, basarake mai bulala, kishiya mai asiri. Shi kuwa karɓar ƙasa, yawanci babu wanda ya ɗaga murya. Safiyo ya zo ya kafa duwatsu, ya ce shi aiko shi aka yi. Jami'in ƙima ya ƙirga mangwaro da ladabi. Akawu ya ce fayil na sama. Kowa ya yi sallama, kowa ya sha ruwa, gona ta tafi. Marubucin da bai iya rubuta mugunta sai da mugu ba, zai tsaya a nan ya rasa wanda zai tsine wa, sai ya koma ga rikicin gado tsakanin 'yan uba, inda ya san hanya.

Labaran da ake sakawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp sun ma tsallaka ɗaya gefen katangar. Jarumin yanzu shi ne mai masana'antar. Yana da kamfanin shinkafa, yana da rukunin gidaje, yana da gona mai kadada dubu da yake kai amarya shan iska. Za a ba mu sunan turarensa da launin motarsa, amma ba za a ce mana wa ke noma wurin kafin a zagaye shi da waya ba.

Mu da ke zaune a Gonin Gora, a bakin hanyar Abuja, wannan giɓi ya fi yi mana ƙara. Kudancin kogin Kaduna kusan tarihin masana'anta ne a bisa gonaki. Masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri a 1957, Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980, a 2017 kuma Olam ta buɗe katafaren wurin abincin kaji da ƙyanƙyasa a kan wannan hanya tamu, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Manoman asali na wannan yanki galibi Gbagyi ne, mutanen da dokar kafa Abuja ta 1976 ta riga ta koya wa abin da kalmar maslahar jama'a ke nufi. A 2016 an ga yadda mazauna Gbagyi Villa suka fito zanga-zanga suka kuma garzaya kotu, da gwamnati ta ce filin da suke kai na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne. Turjiyar da aka fi yi a gefen gari irin namu kuwa ba ta da tutoci. Manomi na jin ƙishin-ƙishin za a zo, sai ya yanka gonar fuloti-fuloti ya sayar kafin a karɓe. Wani ya dasa itatuwa da sauri don a samu abin ƙirgawa, wani ya aza bulo layi uku ya kira shi gida. Unguwanni da dama da muke kwana cikinsu haka aka haife su. Shin wannan turjiya ce, ko miƙa wuya ne da ɗan riba? Ga tambayar da labari zai iya juyawa shafi ɗari biyu bai gundure mu ba.

Sana'armu rubuta manhaja ce, don haka a yi mana uzuri mu ɗan ratse. Duk wanda ya taɓa tsara rumbun bayanai ya san cewa abin da ba a yi wa gurbi ba, a wurin na'ura babu shi. Hukumomin filaye na zamani, irin KADGIS da aka kafa a zamanin Nasir El-Rufai, suna aiki da hoton sama da lambobi da sunan mai mallaka, kuma hakan na rage sayar da fili ɗaya ga mutum uku, abin a yaba ne. Amma gonar ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce ta wannan fuska. Akwai mai gado, akwai wanda aka ba aro shekara talatin, akwai mai jingina, akwai matar da ɗorawar ko kaɗanyar tata ce ko da ƙasar ba tata ba, akwai makiyayin da ke shigowa da kaka ya ci kara ya bar taki, akwai saurar da aka bari ta huta wadda daga sama take kama da dajin da ba mai shi. Fom mai layi ɗaya na suna ba zai ɗauke su ba, ranar biyan diyya kuwa layin nan kaɗai za a kira. Ƙagaggen labari ne kawai muka sani da ke iya riƙe mutum shida a kan gona ɗaya, kowa da gaskiyarsa.

Za a ce, to masana'anta fa, ba a son ta? Ana so. Masaƙun Kakuri sun ciyar da dubban gidaje, har da 'ya'yan waɗanda aka karɓi gonakinsu, kuma labarin da zai mai da kowane injiniya shaiɗan zai zama wa'azi mara daɗi. Sai dai KTL ta rufe a 2002, ginin na tsaye ciyawa na cinsa, ƙasar kuma ba ta koma ga masu noma ba. Ngugi wa Thiong'o ya kama wannan sarƙaƙiya a Petals of Blood na 1977, inda titi da banki da kamfanin giya suka shigo ƙauyen Ilmorog, ci gaba ya zo da gaske, masu ƙasar kuma suka wayi gari leburori. Bai ji tsoron bashin banki da gwanjon fili za su gundurar da mai karatu ba.

Mu ma bai kamata mu ji ba. Marubutanmu mata sun riga sun nuna cewa mai karatun Hausa na bin shari'a daki-daki in an iya ba da ita: idda, tumunin takaba, riƙon 'ya'ya, zaman kotu har hawa uku, duk an sayar da littattafai da su. Wanda ya iya sa mu kwana muna jiran hukuncin alƙali kan saki uku, zai iya sa mu jira ranar da jami'in ƙima zai iso. Inda gizo ke saƙar shi ne manomin da zai tsaya a tsakiyar irin wannan labari, in a nan kudancin Kaduna aka kafa shi, mai yiwuwa da Gbagyi yake mafarki, Hausa kuwa da ita safiyo da dillali da mai sayen fuloti suke masa magana. Marubucin zai rubuta da harshen da aka yi cinikin da shi, kuma dole ya yanke shawarar bakin wa zai fara ba magana a shafin farko.