Bayan An Ga Tabon Haihuwa

Duk mai bin littattafan da ake turawa a WhatsApp ya san wannan labari. An sace yarinya tana ƙarama, ta girma a hannun wasu, sai bayan shekara goma sha biyar a ga wani tabo a wuyanta, uwa ta suma, a sha kuka, a ɗaura aure. Mai laifin kuwa kishiya ce ko boka. Mun karanta shi har mun gaji, kuma ƙorafinmu bai tsaya ga maimaici ba.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi mu ƙarfin hali tun 1934. A Shehu Umar, yaron da aka raba da gida ya girma a wata ƙasa, uwarsa ta bi sahunsa har ita ma aka bautar da ita, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu. Haɗuwar ba ta maido da komai ba.

Rayuwa ma haka ta nuna mana. A Oktoban 2019 'yan sanda suka gano yara tara na Kano a Onitsha, an sauya musu suna da addini, wasunsu Hausa ma ta kuɓuce musu. A 2021 kotu ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104. To wane marubuci ne ya zauna ya rubuta mana daren farko na uwa da ɗan da ba ya jin yarenta? A nan labarin yake, mu kuwa a nan muke rufe littafi.

Akwai giɓin da ya fi wannan. A littattafanmu, wanda ya lalata yarinya ko dai ya haukace ko mota ta take shi. Ba ya zuwa gidan yari ya dawo, alhali a zahiri yana dawowa. A Amurka, Phillip Garrido ya yi zaman kurkuku kan fyaɗe, aka sake shi bisa sharaɗin sa ido. A 1991 ya sace Jaycee Dugard tana da shekara 11, ya ɓoye ta a bayan gidansa har 2009. Jami'an da aka ɗora wa duba shi sun yi ta zuwa gidan, ba su gano ta ba. Wannan fa inda ake biyan mutum albashi don ya duba kenan. Mu nan, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi sakin fursuna bisa sharaɗi, a shekarar kuma aka buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa. Mai unguwa nawa ne suka taɓa jin labarinta?

A ɗauki gari kamar Dayi, inda hanyar Gwarzo ta haɗu da ta Malumfashi, motoci na wucewa dare da rana, yara na talla a bakin titi. Mutum ya gama wa'adinsa, ya sauka daga mota da leda a hannu. Danginsa sun yi shiru don rufin asiri, liman ya ce wanda ya tuba kamar bai yi ba, maƙwabciya ta ci gaba da aiken 'yarta gidansu karɓo garwashi. Babu kishiya, babu boka, kowa da hujjarsa mai kyau. Wannan maƙwabciyar muke so a rubuta mana, a ranar da ta ji tsoro amma kunya ta hana ta magana.