Hausar Gargaɗin Lafiya a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi: Nazarin Kalmomi da Ginin Jimla

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta auna irin Hausar da hukumomin lafiya da na agaji su ke yi wa talakawa gargaɗi da ita game da cututtukan da ke bin lokutan shekara, da ambaliya, da abin da a ke kira sauyin yanayi. An zaɓi ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina, domin a sami wurin da za a ɗora maganar a kansa. Ƙasa ce ta manoman gero da dawa da gyaɗa, ga makiyaya, ga kuma madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka gama a 1983. Magana a nan ba ta shafi ingancin magani ko allura ba, wannan aikin likitoci ne. Tambayar mai nazarin harshe ita ce, shin gargaɗin yana isa kunnen wanda aka nufa da ma'anar da aka nufa?

1. Abin da a ke gargaɗi a kansa

Cututtukan wannan ƙasa suna da lokacinsu kamar yadda shuka ta ke da nata. Sanƙarau yana zuwa da rani, ya tsananta da bazara sa'ad da ƙura da zafi su ka haɗu, ya lafa da faɗuwar ruwa. Tun 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana shiyyar da cutar ta fi kamawa a Afirka, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarta. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Zazzaɓin cizon sauro yana yawaita daga marka zuwa kaka. Amai da gudawa su kan bi ruwan da ya gurɓata. A 2021 an lissafta mutum fiye da 111,000 da a ke zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,600 kuwa sun rasu.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi yanzu shi ne lokutan nan da kansu sun fara motsi. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 ruwa ya ɗan komo, amma ba da halinsa na dā ba. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubad da ruwa mai yawa a ɗan lokaci sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Mutanen Katsina sun ga irin wannan a Jibiya cikin watan Yuli na 2018, inda ruwan dare ɗaya ya ci rai fiye da 40. Saboda haka gargaɗi ya zama rabin magani, gargaɗi kuwa da kalmomi a ke gina shi.

2. Kalmar yanayi

Kalmar da aka fi ɗora wa kaya ita ce yanayi. Da ita a ke faɗin halin sararin sama na yini guda, da ita a ke faɗin lokacin shekara, da ita kuma a ke faɗin halin ruwa da zafi na shekaru talatin ko fiye, wanda shi ne masana su ke nufi. Ban da wannan, Bahaushe ya kan ce yanayin jiki, da yanayin kasuwa, da yanayin gari. A Kurfi da Dutsin-Ma, waɗanda ke maƙwabtaka da Safana da Batsari, inda ɓarayin daji su ka tā da ƙauyuka, in aka ce wa mutum yanayi ya sauya, ba lalle ne hankalinsa ya tafi ga sama ba. In ma ya tafi, sai ya ce ai kullum yanayi cikin sauyawa ya ke, hunturu ya wuce bazara ta shigo. Watau kalmar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ba shi labarin kome ba.

Alhali kuwa harshen yana da hanyarsa ta riƙe wannan ilmi. Bahaushe ya kan sa wa shekara suna saboda abin da ya auku cikinta. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ya buga littafinsa a 1983, ya kawo sunayen yunwa irin su 'Yan Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942. Manomin da ya haura shekara sittin ya san rafin da ya ke kwana da ruwa har rani a ƙuruciyarsa, ya san irin dawar da aka daina shukawa domin damina ba ta kai ta. In aka ce masa damina ta rikice, ruwa ya kan makara sa'an nan ya zo a tare, an faɗi sauyin yanayi da maganar da zai iya gaskatawa ko ya ƙaryata da idonsa. Sunan zai iya zama a takardun hukuma, amma a bakin mai shela sai a kwance shi a faɗi abin da ke ciki.

3. Gaggawa da tanadi

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari. Turanci ya raba shirin da a ke yi kafin masifa da agajin da a ke kaiwa bayanta. A Hausar sanarwa kuwa kalmar gaggawa ta rinjayi kome, har hukumar da aka kafa a 1999 domin wannan aiki, NEMA, an san ta da sunan hukumar ba da agajin gaggawa. Sunan ya koya wa jama'a cewa aikinta buhun hatsi da tabarma da kwanon rufi bayan gida ya rushe. Gaggawa kuma ba kalmar yabo ba ce a wurin Bahaushe, gama shi ne ya ce gaggawa aikin Shaiɗan, ya kuma ce sauri ya kan haifi nawa.

Kalmomin da su ka dace suna nan, ba a cika amfani da su ba. Akwai tanadi, akwai tattali, akwai kuma shirin ko-ta-kwana. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Wakilin sunan nan ta bai koma ga wani suna da aka ambata ba. Irin ta ɗin nan ce da ke cikin ta ɓaci, da ta faru ta ƙare, wadda ke nuni ga al'amarin da ba a so a kira sunansa. Ke nan maganar tana nufin shiri domin abin da ba a san ranar zuwansa ba, ba a kuma yi masa fata ba. Babu wata fassara da za ta fi wannan dacewa da tunanin mutumin da ke gudun a ce ya kira wa gari mugun abu. Mai rumbu ya san ta, gama shi ne ke ajiye damin da ba a taɓawa sai marka.

4. Rigakafi

Rigakafi kalma ce kyakkyawa, haɗin riga da kafi, watau a kafe gari kafin abokin gaba ya iso, karin magana kuma ya riga ya ɗaukaka ta bisa magani. Aibinta yanzu shi ne an sa ta rufe abubuwa dabam dabam waɗanda dokokinsu ba ɗaya ba ne. Misali biyu za su isa.

A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin hana zazzaɓi cikin damina a ƙasashen Sahel, Katsina kuwa tana cikin jihohin farko da aka fara aikin a Nijeriya. Ma'aikata su kan bi gida gida sau ɗaya a wata. Su ne ke ba yaro ƙwayoyin ranar farko, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Yaron da ke cikin zazzaɓi ba a ba shi, asibiti a ke aika shi a gwada jininsa. To, uwar da ta saba da cewa rigakafi ɗigo ne ko allura da a ke yi a wuce, me zai sa ta ga wajabcin kwana biyun da su ka rage? In kuwa aka ce mata magani ne, hankali zai ba ta ta ɓoye sauran har ranar da jikin yaro ya yi zafi. Kowace daga kalmomin biyu tana jan ta ga kuskure, sai fa in an ƙara mata bayanin kwana uku a jere, kowane wata, ga yaro mai lafiya.

Misali na biyu na sanƙarau ne. Allurar da aka fara yi a arewacin Nijeriya a 2011 tana tsare mutum daga iri guda na ƙwayar cutar, wanda likitoci ke kira A. A ƙarshen 2016 wani iri, C, ya tashi daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, kafin ya lafa a 2017 ya kashe fiye da mutum 1,100. Mutumin da aka ce masa an yi wa ɗansa rigakafin sanƙarau, ba a gaya masa cutar iri iri ce ba, sa'an nan ya ga sanƙarau ya shiga gari, ba zai zargi harafin A ko C ba, mai allurar zai zarga. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai tsare iri biyar, wannan kuwa yana bukatar bayanin abin da ya raba ta da ta dā. Ƙasar da ta ga gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, ta kuma ga ƙin ɗigon shan inna a 2003, ta san tsadar amincewa in ta zube.

5. Jimlar da ba ta da mai aiki

Bayan kalmomi akwai ginin jimla. Sanarwa ta fi son umurni da wakilin suna a: a tsabtace muhalli, a guji cunkoso, a kai rahoto. Wannan siga tana da ladabi, amma ba ta ɗora aiki a wuyan kowa ba. Wa zai tsabtace, mai gida ne ko mai unguwa ko duba-gari? Wa za a kai wa rahoton, a ina, da wane lokaci? Umurnin a guji cunkoso kuwa, ga gidan da mutum takwas ke kwana a ɗaki guda, bai zama shawara ba. Da an ce a buɗe taga, ko a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, da an faɗi abin da hannu zai iya.

Akwai kuma kalmomin da aka ɗauko daga Turanci aka sa musu rigar da ba tasu ba. Aikin bin sawun cuta an fassara shi da sa ido, alhali ɗan sa ido a Hausa mutum ne da a ke ɓoye masa al'amari. Wayad da kai tana nuna wanda a ke yi wa magana kansa a duhu ya ke. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta kyauta da ta ke fitad da hasashen daminar shekara da Hausa, sai dai lissafin kashi kaza cikin 100 da sunayen watannin Turawa ba su kai ga manomi kamar a ce masa kada ya amince da ruwan farko, ko a ce a gyara magudana kafin marka.

6. Inda aka dace

Ba dukan aikin ne ya karkace ba. Zazzaɓin cizon sauro suna ne da ya ɗauki sanadin cutar a cikinsa, gidan sauro kuma ya faɗi amfaninsa da kansa. Sanƙarau, da amai da gudawa, suna kiran alamar da uwa za ta gani da ido ta san lokacin tafiya asibiti ya yi. In aka gwada su da shan inna, wanda ya jingina cutar ga iska, za a ga yadda suna ke iya taimakon likita ko ya yi masa tsaye a hanya. Abin lura shi ne sunayen da su ka yi kyau duka daga abin da a ke gani aka gina su, babu wanda aka bi Turanci kalma da kalma.

Wannan ba sabon darasi ba ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun daga 1939 a hannun Abubakar Imam, da ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, sun karɓu ne domin an yi tunaninsu da Hausa kafin a rubuta. Yau Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ɗalibansu kuwa 'ya'yan ƙauyukan nan ne. Ya kamata malaman Hausa su sa rubuta gargaɗi cikin darasin insha'i: a ba ɗalibi sanarwa guda, ya karanta wa tsohuwa a garinsu, ya tambaye ta abin da za ta yi gobe da safe, ya komo ya gyara har amsarta ta yi daidai da nufin likita. Hukumomi kuma, kafin su miƙa takarda ga Yandakan Katsina ko Maradin Katsina domin ta sauka ga dagatai da masu unguwa da limamai, su tabbata kowace jimla ta faɗi mai yin aiki, da aikin, da lokacinsa bisa lissafin damina da rani.